Man Fetur: Yadda Lita Ɗaya Za Ta Kai Ka Nesa

A shekarar 1978 ana sayar da litar man fetur a Nijeriya kobo 15 da 'yan kai. Mai Peugeot 504 yakan miƙa naira goma a gidan mai, a cika masa tanki, a kuma ba shi canji. A farkon 2012 gwamnati ta ɗaga farashi daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fita zanga-zanga, aka dawo da shi 97. A 2016 ya koma 145. Sa'an nan ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 a garuruwan Arewa. Kafin ƙarshen Oktoba, 2024, ta haura naira 1,000 a Abuja. Tun daga nan farashi yakan hau ya sauka bisa ga kasuwar ɗanyen mai da canjin dala.

Kowane gida ya ji a jikinsa. Akwai motoci da yawa da aka ja gindin mangwaro aka lulluɓe da tamfol, ba a tayar da su sai in rashin lafiya ta kama wani da dare. Waɗanda ba su iya ajiye tasu ba kuwa, kuɗin mai ya shiga takara da kuɗin hatsi da kuɗin makarantar yara.

To, farashi dai ba a hannunmu yake ba. Amma yawan litar da motarka take sha daga gida zuwa wurin aiki, wannan kam kana da ta cewa a ciki. Mutum biyu za su tuƙa mota iri ɗaya a hanya ɗaya, man ɗaya ya ƙare ran Laraba, na ɗayan ya kai shi Jumma'a. Bambancin yana wurin yadda ake sayen man, da yadda ake taka totur, da lafiyar motar, da yadda gida yake tsara tafiye-tafiyensa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da littafi da biro

Ka tambayi masu mota goma ko nawa motarsu take sha. Tara za su ce maka, "Ina zuba na dubu goma, ya yi mini kwana uku." Wannan ba awo ba ne, gama naira dubu goma ta bara ba ita ce ta bana ba, kwana uku kuma ba nisan hanya ba ne. Awon gaskiya shi ne: lita ɗaya kilomita nawa take kai ka?

Ga yadda za ka sani. Ka cika tanki har bakin famfon ya tsaya da kansa. Ka rubuta lambar kilomita da take gaban sitiyari. Ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba. Ran da ka koma shan mai, ka sāke cikawa har famfo ya tsaya, ka rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar kilomita. Sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ka zuba. In ka yi kilomita 360, aka zuba maka lita 40, to motarka tana yin kilomita 9 a kowace lita.

Wanda ba shi da halin cika tanki, shi ma ba a bar shi a baya ba. Ya lura da inda allurar mai take ran 1 ga wata, ya riƙa rubuta litar da ya saya kowane lokaci, ya tara su a ƙarshen wata sa'ad da allurar ta dawo daidai wurin da ta fara. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a tsofaffin motoci da yawa, ya kamata a gyara shi, ko kuwa a yi amfani da taswirar waya a san nisan hanyoyin da ake bi kullum.

Me ya sa za a sha wannan wahala? Mu ce gidanku yana yin kilomita 900 a wata. A kilomita 9 kowace lita, kuna shan lita 100. In kuka kai ta kilomita 10 a lita, kun koma lita 90. Ragowar lita 10 ke nan a wata, 120 a shekara. Don sauƙin lissafi mu sa lita a naira 1,000: naira 120,000 ta zauna a gida. Da yayyafi kogi kan cika. Ban da haka, littafin nan shi ne zai fara gaya maka motarka ba ta da lafiya. Ran da ka ga 9 ta koma 7 alhali ba ka canza hanya ba, ka nufi gareji tun kafin abin ya yi girma.

A gidan mai

Asarar farko takan faru tun kafin ka tayar da injin. Idan ka tsaya shan mai, ka kashe mota, ka fito. Kada ka zauna a ciki kana danna waya ka miƙa kuɗi ta taga. Ka dubi mita da idonka, ka ga an mayar da ita sifiri kafin a fara zuba maka. Akan sami inda mai babur ya sha na naira dubu biyu, a ɗora naka a kan nasa, ka biya duka. Ka dubi farashin lita da yake kan famfo, ka gwada shi da wanda aka rubuta a allon bakin hanya. Ka saba da cewa "lita 15" maimakon "na dubu goma sha biyar", domin litar ce za ka rubuta a littafinka. In suna ba da rasit, ka karɓa.

Ba kowane famfo ne yake ba da cikakkiyar lita ba. Akwai inda ake taɓa mita ta riƙa nuna lita 10 alhali tara da 'yan kai ne suka fita. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce jarkar da ka tabbatar da awonta: ka sayi lita 10 a ciki, ka ga inda man ya tsaya. Gani ya kori ji. Hukumar NMDPRA, wadda ta gāji aikin DPR bayan dokar man fetur ta 2021, ita ce take da ikon auna famfuna da rufe gidan man da aka kama da tauye mudu, kuma ana kai mata ƙara. In ka sami gidan mai da awonsa cikakke ne, mansa kuma mai kyau, ka riƙe shi.

Tun da aka cire tallafi, farashi yakan bambanta daga wannan gidan mai zuwa wancan. Yana da kyau ka san na hanyarka duka. Amma ka yi lissafi kafin ka bi araha. In ka ji ana sayarwa da rangwamen naira 10 a wani gefen gari, kana kuma son lita 20, ribarka naira 200 ce. Idan zuwa da dawowa kilomita 10 ne, ka ƙone wajen lita ɗaya don ka tsira da naira 200, ban da layin da za ka bi. Garin neman ƙiba an samo rama.

Idan bakin famfo ya tsaya da kansa, tanki ya cika. Kada ka sa a yi ta ɗiga masa ana jijjiga mota don a kai kuɗin dunƙule. Tanki yana bukatar ɗan fili a sama domin mai yakan kumbura da zafi. Abin da aka tura fiye da kima yakan zube ƙasa, ko ya shiga tukunyar gawayin da take tare tururin mai a motocin zamani, ya lalata ta. Bayan an gama, ka murɗa murfin tanki ya kama sosai. Murfin da robarsa ta tsage, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, yana barin fetur ya bi iska, ga kuma haɗarin wuta.

Kada kuma ka saba da tafiya da jar fitila. Famfon da yake tura mai zuwa injin, a yawancin motocin yanzu cikin tankin yake, man ne yake sanyaya shi. Wanda kullum tankinsa a ƙasa yake, famfon nan ba ya daɗe masa. Abin da ya fi wannan ma, wanda mai ya yanke masa a hanya ba shi da zaɓi. Sai ya sayi na 'yan bumburutu, a farashin da suka ga dama, da galan ɗin da aka lotsa gindinsa, wani lokaci ma an surka da kananzir. Ko man da ya biyo ta babbar hanya yakan zo da matsala: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motoci a Legas da Abuja. To, ina ga wanda ba ka san inda ya kwana ba?

Akwai maganar da take yawo cewa a sha mai da sassafe, wai sanyi yana sa ya yi kauri, a sami fiye da kuɗin da aka biya. Gaskiya ne fetur yana kumbura da zafi, wajen kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Amma tankin gidan mai a binne yake a ƙasa, zafinsa da safe da na rana kusan ɗaya ne. Ribar zuwa da sassafe ita ce ƙarancin layi, ba kaurin mai ba.

Abu guda kuma da ba tanadi ba ne ko kaɗan: tara fetur a jarkoki a cikin gida don gudun ƙarin farashi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya tarar da murhu ko fitila a wani ɗaki. Haka nan kwasar mai daga tankar da ta faɗi. Ran 15 ga Oktoba, 2024, a garin Majiya na Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu ta wannan hanya. Wata uku bayan haka, a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, aka sāke rasa fiye da 80. Iyaye, ku gaya wa samarinku: in tanka ta faɗi, a yi nesa da ita.

Ƙafar direba

Babban abin da yake shanye mai a mota shi ne ƙafar dama. Ka lura da yadda ake tuƙi a garuruwanmu: danja ta ba da hannu, a danna totur kamar ana tsere, bayan taku ɗari a ci birki a gaban tudun rage gudu, a sāke dannawa. Duk gudun da mota ta tara, da fetur aka saye shi. Duk lokacin da ka taka birki, gudun nan ya koma zafi a birki, ya bi iska. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan tuƙi na fizga da burki yana rage nisan da mai zai kai mutum da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoson gari, da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya.

Maganin abin shi ne hangen nesa. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka. In ka hango shingen 'yan sanda, ko rami, ko danja ta yi ja, ka ɗaga ƙafa tun daga nesa, mota ta gangara da kanta. Sau da yawa kafin ka isa hanya ta buɗe, ka wuce ba tare da ka tsaya cik ba, tashi daga tsaye kuwa shi ya fi shan mai. Wajen tashi, ka taka a hankali kamar akwai ƙwaryar nono cike a kujerar baya.

Mai motar da ake canza wa giya da hannu, kada ya bar injin yana kuka a giya ta biyu. Ya canza da wuri, tun allurar juyin injin tana tsakanin 2,000 da 2,500, amma ba har motar ta riƙa shaƙewa tana karkarwa ba. Ya kuma sauke ƙafarsa daga kuloci in ba canji zai yi ba.

Sai gudu a babbar hanya. Iska tana tare mota, ƙarfin tarewar kuma ba daidai da gudu yake hawa ba: in ka ninka gudu biyu, turjiyar iska ta ninka huɗu. Shi ya sa yawancin ƙananan motoci sun fi tattalin mai tsakanin kilomita 50 da 80 a awa, daga nan kuma sha yake ta ƙaruwa. Motar da take gudun 120 tana shan wajen kashi 20 cikin ɗari fiye da mai gudun 100. Mu ɗauki Kaduna zuwa Kano, wajen kilomita 230. A gudun 100 tafiyar awa biyu da minti 18 ce, a gudun 120 kuwa awa ɗaya da minti 55. Ka ci ribar minti 23, ka biya da kusan lita 4 in motarka mai shan lita 8 a kilomita 100 ce. Haka kuma dokar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Wanda ya kiyaye wannan ya tsare aljihunsa, ya tsare iyalinsa da suke zaune a baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Motar da take tsaye injin yana aiki, kilomita sifiri take yi a lita. Takan sha lita 1 zuwa 2 a awa, gwargwadon girman injin da ko na'urar sanyi tana kunne. Maigidan da yake jiran yara a ƙofar makaranta minti 15 kowace rana bai kashe mota ba, a zango ɗaya na kwana 60 ya ƙone aƙalla lita 15 bai je ko'ina ba. In tsayuwar za ta wuce minti ɗaya, kuma ba a tsakiyar titi kake ba, ka kashe. Tayar da injin mai zafi ba ya cin man da mutane suke zato.

Wasu al'adun tuƙi mun gāje su ne daga zamanin kafireta. A lokacin, sai an ja cok an bar mota ta yi ta ɗumi da safe. Motocin da suke da injekta da kwamfuta ba sa bukatar haka. Ko a sanyin hunturun Jos, rabin minti ya isa baƙin mai ya zaga, sai ka tashi a hankali, gama injin ya fi saurin ɗumi yana tafiya. Haka kuma zuga totur kafin a kashe mota da dare, ba abin da yake ƙarawa sai hayaƙi.

Wata al'adar kuma har rai take ci, wato sakin mota a firi a gangara, ko ma kashe injin gaba ɗaya. Duk mai bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, ya kuma san irin motocin da suke kwance a gefensa. A motar injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara, kwamfuta takan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya injin. In ka sa firi kuwa, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Wato firi ta fi shan mai, ga shi ta bar wa birki dukan nauyin mota har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Kashe injin ya fi muni, gama birki da sitiyari duka suna samun ƙarfinsu daga gare shi. A gangara, ka sa giyar ƙasa, ka bar injin ya riƙe motar.

Na'urar sanyi ita ma tana da nata rabon. A tsananin zafi, musamman a gajeriyar tafiya, takan ƙara sha da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Ba wanda zai ce a kashe ta a Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu da jariri a mota. Amma ka nemi inuwa wajen fakin. In motar ta sha rana, ka sauke gilasai ka yi tafiyar minti biyu zafin ya fita kafin ka kunna. A cikin gari, da safe ko da yamma, iskar taga ta isa. A babbar hanya kuwa gara a ɗaga gilasai, domin taga a buɗe tana ƙara turjiyar iska.

Lafiyar mota

Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan ƙasa, kamar mai tura baro da sassaucin taya. Bambancin a wajen mai bai cika wuce kashi 3 cikin ɗari ba, amma tayar takan cinye da wuri, takan kuma yi zafi ta fashe a doguwar tafiya. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar, yawanci tsakanin 30 da 35 ga ƙananan motoci. Lambar da take jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Masu faci da yawa sukan dunƙa 45 ko 50, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa. Ka sayi ɗan ma'aunin iska naka, ka riƙa dubawa sau biyu a wata, da safe kafin taya ta yi zafi.

Ga wani abu da ya zama ruwan dare a garejinmu. Da an kawo mota 'yar Kwatano, sai bakanike ya ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Tamostat ɗan bawul ne da yake tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 90, sa'an nan ya buɗe masa hanyar lagireto. In babu shi, injin yakan daɗe bai kai wannan zafi ba, musamman da hunturu ko da damina. Kwamfutar mota kuma, muddin ta ga injin da sanyi, ƙara masa mai take yi. Mai motar yana murna allurar zafi ba ta tashi, bai san aljihunsa ne yake biya ba. In mota tana zafi fiye da kima, a nemi dalilin: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya saki, ko fankar ba ta tashi, ko kuwa tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo.

Haka nan fitilar injin mai ruwan ɗorawa da take kamawa a gaban direba. Wasu sukan liƙe ta da baƙin salatif, wasu su cire ƙwan. Sau da yawa tana faɗa maka ne cewa na'urar da take sansanar hayaƙi a salansa ta mutu. Wannan na'ura ita take gaya wa kwamfuta ko man da ake bayarwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ta mutu, shan mai yana iya ƙaruwa ƙwarai, har kashi 40 cikin ɗari a wasu motocin. Ka je wurin mai na'urar bincike ya karanta maka abin da fitilar take nufi kafin a fara canje-canjen kaya da ka. Ka kuma kula da abin da makanikai suke ce wa indomi a cikin salansa. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, shi ya sa ake yawan ba da shawarar a fasa a cire. Cire mai lafiya ba ya rage shan mai.

Sauran su ne waɗanda aka sani: fulogi a kan lokaci, baƙin mai mai kaurin da kamfanin motar ya rubuta, ba mai kauri kamar zuma ba, saitin ƙafafu in mota tana ja gefe, da birkin da yake kamawa ba a taka shi ba. In ka tsaya bayan 'yar tafiya ka ji wata ƙafa ta fi sauran zafi, birkinta yana riƙe. Matatar iska tana saurin toshewa da ƙurar hunturu. A motar kafireta wannan yana ƙara shan mai, a ta injekta kuwa ƙarfi yake ragewa. In kana jin warin fetur da safe a inda motar ta kwana, akwai yoyo, kada ka jira gobe.

Ka buɗe but ka duba abin da kake yawo da shi. Nauyin buhun siminti ɗaya yana ƙara sha da wajen kashi 1 cikin ɗari. Kayan da aka ɗaure a saman mota sun fi haka, gama suna tare iska: a babbar hanya sukan ci kashi 6 zuwa 17. In za a tafi gida Kirsimati, abin da zai shiga but ya shiga, in an dawo kuma a kwance kariya a ajiye.

Game da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da 'yan na'urorin da ake tallarsu a intanet wai suna rage sha da rabi, ka riƙe kuɗinka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan fiye da 100, ba ta sami wanda ya yi wani tasirin kirki ba.

Masu tunanin mayar da mota ta yi aiki da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta fara shirin yaɗa ta a 2023, su fara da tambaya biyu: akwai wurin shan gas a hanyarsu ta kullum? Wata nawa za su yi kafin ragowar ta biya kuɗin juyin? Ga mai tasi da yake yini a hanya lissafin yakan fita da sauri fiye da na mai zuwa ofis ya dawo. A kuma yi aikin a wurin da aka amince da shi, da tukunyar da aka ƙera don wannan. Matsin CNG ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa. A Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar ƙirar maƙera ta fashe a wurin shan gas a Benin, ta jikkata mutane.

Shawarar cikin gida

Litar da ta fi kowace araha ita ce wadda ba a ƙone ba. Nan ne uwargida da yara suke shigowa. Injin mai sanyi ya fi shan mai a kilomitocin farko, saboda haka gajerun tafiye-tafiye huɗu daga gida, kowace da sanyin injin, suna iya cin ninki biyu na zagaye ɗaya da ya haɗa su duka. Ku zauna da daren Lahadi ku jera bukatun mako: kasuwa, injin niƙa, banki, asibiti, gaisuwar mara lafiya. Waɗanda suke gefe ɗaya a haɗa su rana ɗaya, a fara da mafi nisa domin injin ya yi ɗumi. Kafin ka tashi zuwa wurin wani, ka buga waya ka ji ko yana nan.

Ku dubi maƙwabta kuma. Gida uku a layi ɗaya, yaransu makaranta ɗaya, kowace safiya mota uku suna bin juna. In aka yi karɓa-karɓa, kowane gida ya rage kashi biyu cikin uku na man kai yara. Haka zuwa sujada, da biki, da jana'iza a ƙauye. Sai dai a yi maganar kuɗin mai a fili tun farko, kowa ya san nasa, don kada abin alheri ya zama sanadin ɓacin rai. Aiken da bai wuce kilomita ɗaya ba kuwa, ƙafa ko keke ya isa. Wanda kuma zai iya fita minti 20 kafin cunkoson safe, ya huta da tsaye-tsayen da suke shanye mai.

Ba lalle ne ka yi dukan waɗannan a rana ɗaya ba. A watan nan ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ka sa a aljihun mota, ka tuƙa yadda ka saba, ka sami lambarka ta farko. A wata mai zuwa ka daidaita iskar taya, ka sauke kayan but, ka sassauta ƙafa, ka daina barin injin yana aiki a tsaye. Sa'an nan ka gwada lambobin biyu. In kana da yaro a aji biyar ko shida na firamare, ka ba shi aikin raba kilomita da lita. Zai koyi lissafi, zai kuma riƙa tuna maka daga kujerar baya in allura ta wuce 100.